Naɗin Labaran Mai Maganin Basir

Duk wanda ya ce kada in ba da labarin Labaran, to ya fara zuwa ya raba uwata da ubansa, don ciki ɗaya suka fito. Taubashina ne. Ni kuwa Armaya'u ɗan acaba ba ni na ƙirƙiro wasan taubashi ba, tarar da shi na yi. Saboda haka ku gyara zama, ku da Allah ya ba ikon zama.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, kwanon masara ya gagari talaka, gonakin nesa kuma tsoron 'yan bindiga ya hana a noma su, kowa a garinmu da ke gaba da Wagini ya shiga neman abin yi. Labaran ya gwada rake, ya shanye jarin da bakinsa. Ya gwada kiwon kaji, suka bi juna lahira. Sai wata safiya muka gan shi da jar hula, da jarka cike da wani ruwa baƙi ƙirin, da 'yar lasifika mai batir irin wadda ake naɗar murya a ciki. Wai gadon kakansa ne ya waiwayo shi. Kakan nan fa nawa ne ni ma. Dillancin jakai ya yi har ya mutu, kuma ko ciwon kai ya kama shi sai ya aika maƙwabta.

A ilimin Labaran cuta ɗaya ce tak a duniya, basir. Ciwon baya basir ne. Mantuwa basir ce. Mutum ya cika faɗa da iyalinsa, basir ne ya hau masa kai. Maganin kuwa filasko ne da jar kanwa da tsamiya da wasu sassaƙe da shi kansa bai san sunansu ba, ya raɗa masa suna Kakkaɓe-Duka. Ni nake ɗaukarsa zuwa kasuwanni, lasifikar na rataye a wuyansa tana ta zuba da muryarsa:

"Ina masu basir! Mai tsiro, mai jini, mai sa ƙato zaman gefe guda! Ga Labaran jikan masu magani! Kada ka yarda a kife ka a asibiti! Ni Labaran, har in koma ga Mahaliccina, ba mahaluƙin da zai ga bayana!"

Abin haushi, ciniki ya buɗe. Yo mutane sun koma garin kwaki da busasshen tuwo, ba ganye ba mai, ciki ya ɗaure, kowa ya shiga bayi sai nishi. Duk wanda ya sha Kakkaɓe-Duka kuwa ba ya kai gida sai ya ratse daji, sai ya dawo yana rantsuwa cuta ta fita. Har dagacin garinmu, wanda cikinsa ya yi masa yaji, ya sha ya samu sa'ida. Don murna ya ce zai naɗa Labaran Sarkin Magani ranar wata Juma'a bayan an sauko. Da rawanin nan a kansa, rumfar bakin kasuwa ta zama tasa, kuma ba mai sake kasa ko ƙullin sassaƙe a garin sai da izininsa.

Wayyo, ku zo ku ga Labaran. Ya je Batsari ya yanko farin rawani mai tsawon da zai naɗe mutum biyu. Ya daina amsa sallamar yara. Ni ma ya ce in ya hau mulki zai naɗa ni Sarkin Turin Babur.

Ana cikin haka na lura da wani abu. Mutumin da ke hawa babur kamar zai tsaga kujerar, sai ga shi ya hau a karkace, cinya ɗaya a sama, yana riƙe da kafaɗata kamar mai jego.

Na ce, "Taubashi, wane irin zama ne wannan?"

Ya ce, "Zaman sarauta nake koyo. Kai bawa ina ka san shi?"

"Sarakunan wace ƙasa ke zama da ɗuwawu ɗaya?"

"Ja mu tafi, ɗan talakawa."

Na ja. Da gangan na nufi wani rami. Ƙarar da ya ƙwalla sai da garken tumaki ya watse.

Matarsa Mairo ce ta fasa mini ƙwan. Na je ɗaukarsa ta tare ni a zaure, ta ce, "Armaya'u, don girman Allah ka yi wa ɗan'uwanka magana. Wani abu ya fito masa a gefen mazauni, ya yi tauri, ya yi ja, yana zugi kamar ana kiɗa a ciki. Ga zazzaɓi. A tsaye yake cin tuwo."

Daga cikin ɗaki ya daka mata tsawa. "Mairo! Wa ya aike ki? Ɗan basir ne ya kawo gaisuwar sarauta, yau zan sallame shi."

Ta ce, "To Malam, baƙon naka dai ya shimfiɗa tabarma."

Muka biya teburin mai shayi. Nan muka tarar da Malam Nu'uman, ma'aikacin lafiya da aka turo Batsari, wanda yakan zo garinmu duba masu jinya. Ya sha zagi a lasifikar Labaran har ya saba. Ya ga kowa na zaune a benci, Labaran kaɗai ke tsaye yana gumi da sanyin safiya, ƙafafu a wawware.

Bayan an gaisa ya ce, "Sarkin gobe, bismillah ga wuri."

"Na gode, tsayuwa ta fi narkar da shayi."

Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Na kwashe duk abin da Mairo ta faɗa na juye a teburin. Malam Nu'uman ya ajiye kofinsa, ya rage murya.

"Labaran, wannan bai yi kama da basir ba. Basir jijiyoyin jini ne ke kumbura a dubura, saboda taurin bayan gida da yawan yunƙuri da daɗewa a tsugune. Shi sau da yawa ganye da wake da yawan shan ruwa suna lallashinsa. Amma kumburi mai tauri, mai zugi, mai zazzaɓi, wannan maruru ne. Wata 'yar kafa ce a ciki ta toshe, ƙwayar cuta ta shiga, mugunya ta taru. Ba abin sha da zai fitar da ita. Ka zo in duba, a kashe wurin, a ɗan tsaga, ta fita ka huta."

Labaran ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? A tsaga! Su dai ba su san komai ba sai wuƙa, kamar mahauta. Malam, kai takarda ka karanta, ni a jinina abin yake."

"A jinin naka nake tsoron ya shiga."

"Ni da za a naɗa Sarkin Magani in je in kife a gabanka? Wa zai sake sayen ko cokali ɗaya a hannuna?"

Malam Nu'uman ya ce ƙofarsa a buɗe take, ya shanye shayinsa ya tafi.

Ranar kasuwar Tsaskiya Labaran ya ce lallai sai mun je, don mutanen Safana su ji labarin naɗi. Hanyar nan kuwa ramukanta sun fi lafiyayyen wurinta yawa. A tsaye ya yi tafiyar bisa matakan babur, ya rungume wuyana, duk ramin da muka faɗa sai ya kira sunan wani waliyyi. Da waliyyan suka ƙare ya koma kiran Inna.

Al'adar masu magani ce su kurɓa a gaban jama'a don a san ba guba ba ce. Kullum Labaran ɗan leɓe yake jiƙawa. Ran nan, don yana so ya kashe baƙonsa a asirce, sai ya cika kwanon sha fal, ya ɗaga sama.

"Ku shaida, mutanen Tsaskiya! Mai abu shi ke fara ci!"

Ya kafa kai ya shanye. Aka yi tafi. Ya ƙara rabin kwano don wani tsoho ya ce bai gani ba. Ya shiga bayanin basir mai sa mantuwa, yana tsakiyar magana sai ya yi tsit. Idanunsa suka fito. Cikinsa ya yi wani ƙugi da har na bayan taro suka ji.

Tsohon ya ce, "Malam, mi ya faru? Ci gaba mana."

"Ina zuwa."

Gudu ba dama, tafiya ba dama. Haka ya ratsa 'yan tumatir yana taku ɗaiɗai kamar mai tsallake ƙaya, lasifika na ta shela a ƙirjinsa, ya faɗa gonar gero ta bayan kasuwa. Mai filasko a ciki da maruru a ƙofa, ku da kanku ku auna. Ihun da ke fitowa daga geron nan ya sa mai gonar ya zo da sanda yana zaton akuya ce ta maƙale. Sai la'asar na kwaso shi, ya yi zuru-zuru.

Na ce, "Taubashi, mu wuce wajen Malam Nu'uman."

Ya ce, "Kai jahili ne. Ba ka ga cutar ta fara fita ba?"

Washegari ya ce saura turare. Ya sa Mairo ta zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa bagaruwa da wani garin da ya ce sirrin kakanmu ne, ya lulluɓa da bargo ya tsuguna a kai. Ashe sirrin kakanmu har da barkono a ciki. Tari ya turnuƙe gidan, kaji suka tsallake katanga, maƙwabciyarsu Zinariya ta leƙo tana hawaye tana cewa wane marar imani ne ke ƙona yaji da rana tsaka. Labaran na cikin bargo yana cewa a bar shi, zafin shi ne aikin. Sai da Mairo ta ga hayaƙin ya sauya launi ta gane gefen bargon ya kama. Ta sunkuci tulu ta juye masa.

Zinariya ta ce, "Mairo, mijin naki gasa kansa yake don walimar naɗi?"

Daga ƙarƙashin jiƙaƙƙen bargo ya ce, "'Yan baƙin ciki! In na hau sai kin biya harajin kuka da daddawa."

Juma'a ta matso, baƙo kuwa ya ƙara ƙiba. Ga kuma inda matsalar take. A garinmu ba a naɗa mutum a tsaye, ba a naɗa shi a tsugune. Sai ya zauna dirshan a kan buzu gaban dagaci, ya tanƙwashe ƙafa, Sarkin Fada Mamman ya dafa kafaɗunsa ya tabbatar ya zaunu, sannan a ɗora rawani. Wai don sarauta ta zauna. Tun kakanni haka ake yi.

Da safiyar ranar ya kira ni. Na same shi jikinsa kamar tanda, leɓe ya bushe, amma ido na ƙyalli irin na wanda ya yi sabuwar dabara.

"Je wurin mai faci ka karɓo mini tiyub ɗin baro."

"Na mene ne?"

"Zan ɗaura shi a cikin wando. In na zauna, iska ce za ta ɗauke ni, wurin ba zai taɓa ƙasa ba. Ka ga bambancin mai ilimi da ɗan acaba?"

Na kawo. Tiyub ɗin ya sha faci har ba a gane asalin robar. Na ce a sa iska kaɗan. Ya ce iska kaɗan ta talaka ce, in buga. Na yi ta buga famfo yana cewa ƙara, har robar ta yi ƙyalli. Muka ɗaura masa da igiya, ya zura wando, ya kawo babbar riga ya rufe. Ya rataya lasifikarsa a ciki, wai da an gama naɗi zai kunna.

Da aka sauko daga masallaci ƙofar gidan dagaci ta cika maƙil. Maza a gaba, mata ta kan katanga, masu kalangu na ta aiki. Labaran ya taho yana tafiyar agwagwa. Na ji Zinariya na cewa, "Ikon Allah, kowa na ramewa a ƙasar nan, mijin Mairo shi kaɗai ya samu ta baya."

Ya iso gaban dagaci ya durƙusa. "Ranka ya daɗe."

Dagaci ya ce, "Sannu Labaran. Zauna."

Ya sauka a hankali, a hankali, ya tsaya saura kaɗan, yana lilo.

Sarkin Fada Mamman, ƙato ne mai hannu kamar faranti, ya ce, "Wanga ai tsuguno ne. Zauna da kyau."

"Na zauna, Sarkin Fada."

"Ina ganin haske tsakaninka da buzu."

"Hasken sarauta ne."

Aka yi dariya. Sarkin Fada bai yi ba. Ya riga ya kewaya rawanin sau ɗaya a kan hular, sai ya saki, ya ɗora hannuwan nan biyu a kafaɗun Labaran, ya ce bismillahi, ya danna.

Tau!

Jama'a, ku da kuka san ƙasarmu a shekarun nan, kun san abin da ƙara irin wannan ke nufi. Ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ce, "Sun shigo!" Shi ke nan. Masu kalangu suka zubar da kalangai. Matan kan katanga suka ɓace kamar an share su. Liman ya bi ta kan mai rake. Sarkin Fada da girmansa ya shige ƙarƙashin amalanke. Dagaci kuwa, Allah ya ja zamaninsa, daga baya a garken awaki aka same shi da takalmi ƙafa ɗaya. Ni ma da na buga iskar da hannuna, wallahi sai da na kai bakin rijiya kafin hankalina ya dawo.

Na juyo na tarar da fili fayau, takalma birjik, Labaran shi kaɗai a kife kan buzu. Rigar ta yaye ta rufe masa kai, wandon ya dare gida biyu, guntayen roba na reto. 'Yan sintiri suka iso da bindigoginsu suna tambayar ta ina suka bi. Na nuna musu. Suka duba, suka kau da kai, babbansu ya ce, "Subhanallahi, harbinsa aka yi?"

Na ce, "A'a, da abinsa ya zo."

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya neman takalma, kowa ya zo sai ya ga abin da ya gani. Na durƙusa na ja rigar na rufe shi. Nan dariya ta ɗauke mini, don jikinsa rawa yake, ya jiƙe sharkaf, ko ɗaga kai ba ya iyawa. Ya kamo hannuna ya matse.

"Taubashi, kada ka bari in mutu da wannan abin kunya."

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Duk iskancin da nake masa, ba ni da kamarsa.

Muka samu a-kori-kura mai ɗaukar hatsi, muka kwantar da shi rub-da-ciki kan buhuna, Mairo ta dunƙule rawanin ta rungume, muka nufi Batsari. Ashe garin ɗora shi nauyinsa ya danne lasifikar ta kunnu, maɓallin kuma ya lotse. Tana ƙarƙashin ƙirjinsa, shi kuma ko taɓa shi aka yi sai ihu. Haka muka ratsa Wagini, muka shiga Batsari, mutum a kife, murya na tashi daga ƙarƙashinsa:

"Kada ka yarda a kife ka a asibiti! Ni Labaran, har in koma ga Mahaliccina, ba mahaluƙin da zai ga bayana!"

'Yan acaba suka biyo mu a jere suna hon. Har cikin harabar asibiti tana yi. Malam Nu'uman ya fito, ya saurara har ta kai ƙarshe ta sake farawa, sannan ya zura hannu ya zare batirin. Ya ce a shiga da shi.

Aikin bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka tsaga, aka kwashe abin da ya taru, aka wanke aka sa auduga. Malam Nu'uman ya ce Allah ya taimake shi, da ya ƙara kwanaki da mugunyar ta shiga jini, ko ta huda wata hanya ta dinga yoyo. Ya ce akwai ɗan basir ma a gefe, amma shi ba ya buƙatar wuƙa. Ya riƙa cin zogale da rama da wake, ya sha ruwa da yawa, ya daina yunƙuri da daɗewa a bayi. Ya dinga zama cikin ruwan ɗumi, ya zo wanki kullum har ya warke, ya kuma nemi abu mai laushi ya riƙa zama a kai.

Mairo ta ce, "Malam, Kakkaɓe-Duka fa?"

Ya ce, "Ki ba masai, shi ya saba da shi."

Kafin magariba zazzaɓi ya sauka, baki ya dawo. Na shiga na tarar yana gaya wa na gadon kusa da shi cewa shi ya nuna wa Malam Nu'uman daidai inda zai tsaga.

Sarauta dai ta sha ruwa. Dagaci ya ce mutumin da ya sa shi kwana da warin bunsuru ba zai naɗa shi ko sarkin tsintsiya ba. Rumfar bakin kasuwa aka ba mai ƙosai. Lasifikar kuwa Mairo ta sa aka goge muryar, yanzu tallan dafaffen zogale take yi da ita, kuma ciniki ya fi na da.

Da aka sallamo shi na je gaishe shi. Na same shi a ƙofar gida, zaune, karo na farko tun da baƙonsa ya sauka, da kwanon zogale a gabansa. Na duba abin da yake zaune a kai. Farin rawanin nan ne, Mairo ta murɗe shi ta yi masa gammo.

Na cire takalmi, na zube ƙasa, na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, Sarkin Magani! An gaishe ka! Rawani ya zaunu!"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara zama a hankali yana cije leɓe, ya kai loma.

"Yi dariyarka, bawa. Kowane basarake rawaninsa ke hawansa. Daga nan har birnin Katsina, nuna mini wanda ya hau nasa in ba ni ba."